Kallo Babu Sauti

SHAFI NA 17

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Saƙonninku sun iso ni, har da na masu cewa na cika jan rai. Ku yi haƙuri. A wannan shafin Naila ba ta da sauran wurin ɓuya.

* * *

Tun da Naila ta shiga shagon, almakashin Mama Lucia bai huta ba. Atamfa ce ruwan ganye, turmi a kan turmi, an jibge ta a benci har ta rufe tagar da ke kallon titin PZ.

"Zauna, 'yata. Ture wancan turmin ki zauna. Yau shagon nan ba na masu kawo ɗinki ba ne, na Ƙauna ne."

Naila ta ɗosana a bakin benci. Ɗinkinta kawai ta zo karɓa wurin matar da take yi mata ɗinki tun na kayan aurenta.

"Mama, wannan kaya haka na mene ne?"

"Anko mana! Zumuntar mata ta cocinmu kaf sun ce sai sun raka ta. Har waƙar godiya sun fara koyo."

"Ai ba a yi bikin ba tukuna. Sai Asabar mai zuwa za a buɗe ambulan."

"Ambulan ɗin me?" Mama Lucia ta yi dariya, allura a gefen bakinta. "Ke ai kin riga kin buɗe mana shi a rediyo."

Naila ta sunkuyar da kai.

A Asabar ɗin da ta wuce ne, a shirinta na hasashen waɗanda za su lashe Kambun Fitila, babbar gasar finafinan Hausa ta shekara, ta ambaci sunan da babu wanda ya zata. Ta tsallake manyan jarumai mata da hotunansu suka cika gari, ta ce kambun gwarzuwar jaruma na Ƙauna Mordecai ne, 'yar Mama Lucia, malamar firamare a Sabon Gari, wadda ta fito a wani ƙaramin fim da ɗalibai suka ɗauka a Bomo. Kuma duk mai sauraron shirin ya san cewa a 'yan shekarun nan hasashen Naila bai taɓa faɗuwa ƙasa ba.

Tochi, mai sayar da zare da maɓallai a shagon da ke maƙwabtaka, ya leƙo da kansa.

"Madam Radio! Anything wey you talk, na so e dey be! Ni ma ki duba mini, yaushe zan yi aure?"

"Tafi can," in ji Mama Lucia. "Wannan ko Naila ba za ta iya hango shi ba."

Suka yi dariya su biyu. Naila ta yi murmushin da bai wuce leɓenta ba.

"Kin san abin da ya fi faranta mini rai?" Mama Lucia ta rage murya. "Babanta. Mutumin da ya ce fim aikin marasa aikin yi ne, wanda ya ƙi kallon ko da minti ɗaya. Jiya da kansa ya ɗauko kwat ɗinsa daga ƙasan akwati ya kai wanki. Ya ce idan za a kira sunan Mordecai a gaban jama'a, sai a kira shi yana zaune a wurin."

"Allah Ya sa alheri, Mama."

"Amin. Ubangiji Ya yi miki albarka, ke kika fara ganin yarinyar nan."

Wayar Naila ta yi ƙara. Femi ne, mai tsara mata shirin a gidan rediyo. Ta nemi izini ta fita bakin shago.

"Anti Naila, kina ina?"

"Ina PZ. Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ashe maigidanki ne shugaban alƙalan gasar nan?"

Sunayen alƙalai sirri ne. A duk Zariya ita kaɗai mijinta Malam Ismail ya gaya wa cewa shi ne shugabansu.

"Wa ya faɗa maka?"

"Wa ya rage bai sani ba? Tun safe ake ta yawo da maganar a waya. Masu manyan finafinai sun tayar da ƙayar baya, sun ce shi yake tsegunta miki sakamako. Shugabannin gasa suna otal ɗin da ke bayan tasha yanzu haka. Sun ce bayan la'asar zai zo ya rantse da Alƙur'ani."

"Ya rantse?"

"Shi ya nemi a yi haka, don maganar ta mutu. Idan ya rantse, shi ke nan. Idan kuwa ta tabbata sakamako ya fita, dokarsu ita ce a soke wannan kambun na bana gaba ɗaya, kowa ya rasa. Anti, ni ɗan Sabon Gari ne, ba na son kwana-kwana. Ya taɓa gaya miki?"

"Bai taɓa gaya mini komai ba, Femi."

"To alhamdulillahi. Na san ke ba za ki yi ƙarya ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ta tsayar da keke ta shiga, ba ta koma ta yi wa Mama Lucia sallama ba, ba ta ɗauki ɗinkin da ta zo dominsa ba. Har suka wuce Palladan bakinta yana motsi da istigfari, amma zuciyarta ba ta bin abin da harshen yake faɗa.

* * *

Ta iske Malam Ismail a falo yana goge farin kaftaninsa. Malamin wasan kwaikwayo ne a jami'a, mutum ne da bai iya gaggawa ba ko da gobara ake yi. Ya ɗago ya dube ta, ya jingine dutsen guga.

"Kin ji ke nan."

"Na ji, Malam."

"Zauna, Maman Safiya. Ni ne da ba ki haƙuri."

"Kai kuma?"

"Ni mana. Kin yi shekaru kina gina sunanki, kina kallon finafinan nan ɗaya bayan ɗaya har idonki ya yi ja. Yau saboda ni an ce ba basirarki ba ce. Mutanenmu ba sa son yarda cewa mace za ta zauna ta yi nazari ta gano abin da alƙalai suka gano."

"Malam, don Allah ka bari."

"Ba zan bari ba. Ranar da kika ambaci yarinyar nan ina ofis, rediyo a kunne. Wallahi sai da na tashi na rufe ƙofa, don kada wani ya ga fuskata. Na ce a raina, matata ta fi rabin masu sharhin ƙasar nan ido."

Naila ta riƙe hannun kujera.

"Me za su ce ka faɗa a rantsuwar?"

"Abu mai sauƙi. Cewa sakamakon bai fita ta bakina ba, bai fita ta hannuna ba, bai fita ta gidana ba."

"Ta gidanka."

"Ta gidana. Ni na ce a ƙara wannan, don kada a bar ƙofar zargi a kanki."

Ya ɗauki buta ya nufi bakin famfo na tsakar gida. Ta bi shi da ido ta ƙofar da ke buɗe. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya wanke tafukansa. Alwalar da zai ɗauki Littafin Allah da ita ke nan.

Ya kurkure baki.

Ya kai ruwa fuska.

"Malam."

"Na'am."

"Me ya sa kake kashe sauti?"

Ya juyo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Sautin me?"

"Na talabijin. Wani lokaci kana kallon finafinan gasa, sai in ji falo ya yi tsit, alhali hoto yana tafiya."

Ya yi ɗan murmushi irin na malamin da ɗalibi ya yi wa tambayar da yake so.

"Yanzu ne lokacin wannan? To, tsohuwar ɗabi'a ce. Murya tana yaudara, kiɗa yana yaudara. Idan kika ɗauke su, fuska kaɗai ta rage. Jarumin da fuskarsa ba ta iya magana ba tare da murya ba, karatu yake yi, ba wasa ba."

"Duk finafinan kake yi wa haka?"

"Ina! Wa yake da wannan lokacin? Ai sai an gama haɗa makin alƙalai, an miƙo mini in rubuta jawabin yabon da za a karanta a dandamali. To a nan ne nake zama in sake kallon wanda ya..."

Bai ƙarasa ba.

Butar ta karkace a hannunsa, ruwa ya malala a kan siminti har ya taɓa takalminsa. Bai duba ba.

"Naila."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi 'yarsu Safiya.

"Na'am, Malam."

"Ina so ki ce mini ban fahimce ki ba."

"Ka fahimce ni."

Ya ajiye butar. Ya dawo falo a hankali, bai ƙarasa alwalar ba. Ya tsaya a gaban talabijin, ya dubi ƙofar kicin, ya sake duban talabijin.

"Daga kicin ba a ganin allon nan. Ni na juya shi da hannuna."

"Ana ganinsa a gilashin kabad ɗin kwanuka."

Ya juya ya dubi kabad ɗin. Ga hoton allon nan a jikin gilashi, baƙi, ya ɗan karkace. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ban taɓa kawo takardar maki gidan nan ba," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Wayata a kulle take. Ko a mafarki ban taɓa ambatar suna ba. Na toshe kowace kafa, ashe shirun da nake yi shi ne mai shela."

"Karon farko ban yi niyya ba. Wallahi ban yi ba. Ina yanka albasa na ji gidan ya yi tsit, na ɗaga kai don in ga ko wuta aka ɗauke, sai na ga fuskar wani jarumi a gilashi, kai kuma kana rubutu. Da aka yi biki, shi ya ci."

"Karo na biyu fa?"

"Karo na biyu fa, Naila?"

"Na jira shirun."

"Kin jira."

"Na jira. Idan na ji shi, sai in sami abin yi a kicin. Wani lokaci in kawo maka zoɓo."

"Zoɓon nan mai citta," ya ce. "Ni kuwa ina ta sa miki albarka."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba, domin tana ganin ba ta cancanci ko wannan sauƙin ba.

"Kafin ka zama shugaba, hasashena rabi ne yake fita. Ka tuna yadda masu kira suke yi mini dariya a iska. Wani ya ce in koma sharhin girki. Da na fara dacewa, sai aka fara kirana Malama. Na gaya wa kaina cewa ban tambaye ka ba, ban buɗe maka jaka ba, ido ne kawai ya gani."

"Kin yarda da wannan maganar?"

"A rediyo nakan yarda. A kan sallaya ban taɓa yarda ba."

Ya zauna a kujerar da ke fuskantarta. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi mata sauƙi.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin kalli fim ɗin yarinyar nan da idonki, kafin ki gan shi a gilashi?"

"Na kalla."

"Da ba ki ga abin da nake kallo ba, wa za ki ambata?"

"Jarumar da kowa yake ambata."

"Ba Ƙauna ba."

"Ba ita ba. Na ga ta yi ƙoƙari, amma ban zaci za a ba ta ba."

"To kin ga. Da kin faɗi ra'ayinki na gaskiya, da kin faɗi ƙasa, an yi miki dariyar kwana biyu. Ranar Asabar a kira sunan yarinyar nan, ta hau ta karɓi abinta, babu mai cewa uffan. Akwai wurin da take tsaye a bakin rumbu, an gaya mata rasuwar ɗanta, ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da ɗaure bakin buhu. Na kashe sauti na kalli hannuwan nan nata. Na shekara ina koyar da abin da ta yi, ban taɓa samun ɗalibin da ya yi shi ba. Babu alƙali ɗaya da ya ba wata maki sama da ita. Halalinta ne."

Naila ta tuna turamen atamfa, da kwat ɗin da aka kai wanki.

"Malam, akwai hanya." Ta matso gaban kujera. "Ka ce su cire maganar gida. Ka rantse cewa ba ka faɗa wa kowa ba, ba ka nuna wa kowa ba. Gaskiya ce tsantsa. Ni kuma zan ajiye shirin, ba zan ƙara hasashe ba har abada. Ƙauna ta karɓi kambunta."

"In ce su cire abin da ni na ce a sa?"

"To ka faɗe shi, ka yi nufin bakinka da hannunka kawai. Allah Ya san ba ka ci amana ba."

Ya dube ta, duban da ya sa ta janye idonta.

"Ke kike karantar da matan unguwar nan hadisi ranar Lahadi. Gaya mini, rantsuwa a kan niyyar wa take? Ta mai rantsewa, ko ta wanda ya nemi a rantse masa?"

"Ina jin ki, Malama."

"Ta wanda ya nema," ta ce da ƙyar.

"Su kuma me suke son sani?"

"Ko sakamako ya fita."

"Ya fita?"

"Ya fita."

"Da kin bar ni na ƙarasa alwalar nan, da na tafi na ɗora hannuna da zuciya ɗaya, ban san komai ba. Nauyin yana wuyanki. Yanzu kuwa na sani." Ya shafa fuskarsa da ta riga ta bushe. "Ban san ko in gode miki ba, ko in yi fushi da ke. Ina jin duka biyun zan yi, amma ba yau ba."

Aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Malam Ismail ya tashi ya sake alwala daga farko, ya sa farin kaftanin, ya ɗauki hularsa.

"Zan yi salla a hanya. Daga nan in wuce otal in gaya musu ba zan rantse ba, in gaya musu dalili, in ajiye musu shugabancinsu."

"Zan bi ka. Ni na yi, ni ya kamata in tsaya a gabansu. Wataƙila idan suka ji daga bakina za su bar mata..."

"Dokar ba ta da wataƙila. Da ni aka rubuta ta."

"Duk da haka zan bi ka."

"Mutanen otal masu sauƙi ne, Maman Safiya. Za su yi faɗa, su yi sanarwa, su hau mota su tafi. Ba su ne masu wuyar fuskanta ba."

Kafin ta tambaye shi abin da yake nufi, aka ƙwanƙwasa ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Anti Naila! Mama ta ce kin gudu kin bar ɗinkinki!"

Muryar Ƙauna ce, tana ɗauke da dariya tun daga waje.

Naila ta miƙe. Malam Ismail ya ɗauki makullin mota daga kan kabad ɗin kwanuka. Bai dubi gilashin ba.

"Zan fita ta baya. Bai kamata a gan ni da ita yau ba." Ya tsaya a bakin ƙofar kicin. "Kada ki bari ta ji a waya. Kada ki bari ta ji a bakin Femi. A rediyo kika ɗaga ta, a gaban dubban mutane. Wannan kuwa ke da ita ne."

Ya fita.

Naila ta gyara mayafinta, ta je ta zare sakata.

Ƙauna tana tsaye da leda biyu, alli bai gama fita daga yatsunta ba, daga makaranta ta biya shago. Ta miƙa ta farko.

"Ga ɗinkinki. Wannan kuma," ta zaro atamfar ruwan ganye ta yafa wa Naila a kafaɗa, "naki ne. Mama ta ce tana da awonki a ka, ke za ki zauna kusa da ita a gaba. Kai, Anti, ya karɓe ki!"

"Ƙauna..."

"Tsaya in roƙe ki abu ɗaya tukuna. Kin san duk garin nan ni kaɗai ce ban ji shirin ba? Ina wurin koyon waƙa a coci, na fito na ga mutane suna rungume ni. Kowa yana ba ni labari, amma ina so in ji daga bakinki." Ta haɗa hannuwanta a ƙirji, hannuwan nan da Malam Ismail ya kalla babu sauti. "Da gaske ne, Anti? Zan ci?"

Daga bayan gida aka ji motar ta tashi, ta fita layi, ƙararta tana raguwa.

Naila ta zame atamfar daga kafaɗarta, ta ninke ta a hankali, ta riƙe ta a hannu biyu.

"Kin ci, Ƙauna. Wallahi kin riga kin ci, da guminki. Shigo ki zauna, in gaya miki yadda na raba ki da shi."